Falstad, Tinkercad da Wokwi: Inda Nake Tura Mai Koyon Lantarki

Duk wanda ya ce mini yana son koyon haɗa da'irar lantarki, kafin ya sayi ko da resisto ɗaya, wato ɗan abin da ke rage kwararar wuta, shafin Falstad nake fara tura shi. Bayan shi sai Tinkercad, sannan Wokwi idan abin da ke ransa Arduino ne ko ESP32, wato ƙananan allunan kwamfuta da ake rubuta wa kod su sarrafa kaya. Dukansu a burauza suke aiki, ba sai ka sauke komai ba, kuma kowannensu kana iya fara aiki da shi kyauta. Sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba, duk da cewa akan jera su wuri guda kamar wannan zai iya tsaya wa wancan. Abu biyu nake dubawa idan zan auna irin waɗannan manhajoji na kwaikwayon da'ira: me take nuna maka, kuma me take yin shiru a kai. Na biyun ya fi damuna, don shi ne yake ƙona kaya ranar da mutum ya koma kan tebur da waya a hannu.

Falstad ba shi da ado. Baƙin fili ne da siraran layuka, sai jerin sunaye a sama. Paul Falstad ya fara rubuta shi da harshen kwamfuta na Java, daga baya da burauzoji suka daina karɓar irin waɗancan ƙananan manhajoji, Iain Sharp ya mayar da shi yadda zai yi aiki kai tsaye a burauza, shi ya sa za ka ji ana kiransa CircuitJS. Ba rajista, ba imel, ba kalmar sirri. Kana buɗe shafin za ka tarar da da'ira tana kan aiki: koyil, kafasita, resisto da makunni, ga waɗansu ɗigogi masu ruwan ɗorawa suna bin waya, su yi gaba, su tsaya, su dawo baya. Ɗigogin nan su ne kwararar wuta. Inda wuta ke gudu da yawa sai su yi sauri, inda ta ragu sai su riƙa jan ƙafa. Launin wayar kuma ƙarfin wuta yake nunawa: kore fozitib, ja nagatib, toka-toka sifiri, wato giraun.

Wahalar lantarki ita ce ido ba ya ganinsa. Ɗalibi zai haddace cewa kafasita tana tara wuta, ya rubuta a jarrabawa ya ci maki, amma ka tambaye shi me ya sa wuta ke wucewa da farko sannan ta tsaya, sai ya yi shiru. A Falstad ka ɗauko batir mai bolt 5, resisto mai om 10,000 da kafasita mai maikurofarad 100, ka jera su, ka danna makunni. Ɗigogin za su taso a guje, sannan su riƙa rage gudu har su kusa tsayawa, kafasitar kuma tana ƙara yin kore. Ka danna ta da maɓallin dama na maus ka ce a nuna maka ita a osiloskof, wato abin da ke zana hawa da saukar wuta, sai layi ya fito a ƙasan shafin yana hawa, da sauri da farko, daga baya ya lanƙwashe ya kwanta. Lissafi ya ce om 10,000 sau maikurofarad 100 daƙiƙa ɗaya ne, kuma a cikin wannan daƙiƙa kafasitar za ta kai kashi 63 cikin ɗari na ƙarfin batir, wato wajen bolt 3.2. Ka duba layin, nan za ka same shi. Na sha ganin fuskar mai koyo ta sauya a daidai wannan wuri. Gani ya kori ji.

Akwai abin lura a nan. Agogon manhajar daban yake da agogon hannunka. Taki-taki take lissafa da'irar, kuma takin da take zuwa da shi maikurosakan 5 ne, wato sai ta yi lissafi sau 200,000 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Saboda haka da'ira mai jinkiri irin wannan za ka ga kamar ta tsaya cik. Ka ja madaidaicin gudu da ke gefen dama, ko ka shiga Options ka ƙara girman takin. Amma ka mayar da shi idan ka koma kan da'ira mai saurin kaɗawa, in ba haka ba layin da zai fito maka ba zai zama gaskiya ba.

Dukiyar shafin tana ƙarƙashin Circuits. Misalai ne jingim an riga an haɗa: dokar Ohm, raba ƙarfin wuta da resisto biyu, gadar diyod huɗu mai mayar da AC (wuta mai kai-komo irin ta soket) zuwa DC (mai bin hanya ɗaya irin ta batir), taransisto a matsayin makunni da kuma a matsayin amfilifaya, ƙofofin lojik, da sauransu da yawa. Wanda na fi so shi ne na 555. Wannan ƙaramar IC (da'ira ce cikakkiya a dunƙule cikin ɗan baƙin jiki) mai ƙafa takwas, wadda Hans Camenzind ya tsara, kamfanin Signetics ya fitar a 1972, har yau da ita masu koyo da yawa suke fara sa fitila ƙyaftawa. Yawanci da kwafi ake farawa: a haɗa ƙafa ta biyu da ta shida, ta huɗu da ta takwas, fitila ta kama ta mutu, a yi murna. Falstad yana da misalin da ya buɗe cikin IC ɗin. Za ka ga resisto uku a jere suna raba ƙarfin batir gida uku, da masu kwatanta ƙarfi guda biyu, da taransiston da ke zubar da wutar kafasita. Ka zauna ka kalli kafasitar tana hawa zuwa biyu bisa uku na ƙarfin batir, ta sauko zuwa ɗaya bisa uku, ta sake hawa. Da batir mai bolt 9, tsakanin 6 da 3 take kai-komo. Wanda ya kalli wannan na minti biyar ya san dalilin da ya sa ƙara girman kafasita ke rage saurin fitilar, ba sai an faɗa masa ba.

Ba kuma sai ka tsayar da komai ba kafin ka canza abu. Ka ɗora maus kan resisto ka murza tayar maus ɗin, ƙimarsa tana canzawa, layin osiloskof yana amsawa nan take. Ka goge diyod ɗaya daga gadar nan, rabin igiyar ya ɓace a gabanka. Tambayar nan ta "to idan na cire wannan fa?" ita ce take raya mai koyo, kuma a nan amsarta ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu, ba ta kuma cin maka ko da diyod ɗaya. Idan ka maƙale, kana iya fitar da da'irar gaba ɗayanta a matsayin link, ka tura wa wanda ya fi ka sani, ya buɗe ya ga ainihin abin da kake gani. Ya fi hoton takarda da aka zana da biro nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda yake shiru. Kayan Falstad ba sa ƙonewa. Ka ɗora resisto mai om 100 kai tsaye kan bolt 12, miliamfiya 120 za su wuce, zafin da zai ɗauka wat 1.44 ne. Ƙananan resistocin da aka saba amfani da su rubu'in wat kawai suke ɗauka, wato an ɗora masa kusan ninki shida. A tebur zai yi baƙi ya yi hayaƙi. A shafin kuwa ɗigogi za su ci gaba da yawonsu lafiya lau. Lambar tana nan a kusurwar ƙasa idan ka ɗora maus, amma ba wanda zai ja hankalinka gare ta. Batirinsa ba ya ƙarewa, ba ya durƙushewa komai nauyin da ka ɗora masa. Taransistonsa yana zuwa da ninkin wuta 100 daidai, alhali takardar bayanin taransisto na gaske mai lamba BC547 ta ce ninkinsa yana iya faɗawa ko'ina tsakanin 110 da 800. Duk da'irar da ta dogara da lamba 100 cif za ta yi kyau a shafi, a tebur kuma sai yadda hali ya yi. Haka op-amp ɗin da ake fara ba ka, wato IC mai ƙara ƙarfin sigina, cikakke ne marar aibu, yana kaiwa bolt 15 sama da ƙasa. Op-amp na gaske irin LM358 da aka ba bolt 5 bai cika wuce wajen 3.5 ba a mafitarsa. Akwai samfuran da suka fi kusa da gaskiya a cikin jerin kayan, sai dai sai wanda ya san ya neme su.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: shafin zai bar ka ka haɗa wutar soket ta gida, ka taɓa ko'ina da maus ba abin da zai same ka. Kada wannan sabon ya bi ka zuwa tebur. Wutar soket tana kisa, babbar kafasita kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Mai koyo ya tsaya kan batir.

A waya Falstad yana buɗewa, misalan suna gudana, ana iya kallo a ƙaru. Zana sabuwar da'ira da yatsa ne ke da wuya, don ƙarshen waya yakan sauka kusa da inda kake nufi ba a kansa ba. Shafin yana sa jan ɗigo a inda haɗi bai kama ba, ka riƙa duba shi.

Idan yaro ne ƙarami wanda alamomin zane ba su fara yi masa ma'ana ba, akwai matakin da ke ƙasa da wannan: PhET na Jami'ar Colorado Boulder da ke Amurka, aikin da Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara ɗaya bayan ya karɓi kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. Batir a can batir ne, ƙwan fitila ƙwan fitila ne, har da kwabo da fensir da magogi da za ka sa a hanya ka ga wanne ke wuce da wuta. Ka haɗa kan batir da gindinsa da waya tsirara, wuta ta kama a hoton. Ba ya zuwa da nisa, ba IC ba taransisto, amma darasin farko yana bayar da shi da kyau.

Babban giɓin Falstad shi ne zane yake koya maka, ba kaya ba. Mutum zai ƙware a kansa, ka miƙa masa allon gwaji mai ramuka, wanda ake kira biredbod, ya rasa inda zai soka ƙafar resisto. Wannan giɓi Tinkercad ya cike. Na kamfanin Autodesk ne, wanda ya saye shi a 2013, sashen da'ira kuma aka shigo da shi ciki a 2017. A nan komai da kamanninsa na zahiri yake zuwa. Allon gwajin yana nan da ramukansa, kuma idan ka ɗora maus kan rami ɗaya sai sauran ramukan da ke haɗe da shi ta ƙarƙashi su haskaka. Wannan ƙaramin abu yana warware ruɗanin da ke cin masu koyo kwanaki: cewa ramuka biyar na layi ɗaya waya ɗaya ce, tsagin tsakiya kuma ya raba hagu da dama, shi ya sa ake ɗora IC a kan tsagin. Ka canza ƙimar resisto daga om 220 zuwa 1,000, zoben launin jikinsa ya sauya daga ja, ja, ruwan ƙasa zuwa ruwan ƙasa, baƙi, ja. A hankali ido yake sabawa da karatun launi ba tare da hadda ba.

Abin da ya sa nake girmama Tinkercad shi ne yana tsawatarwa. Ka haɗa fitilar LED kai tsaye da batir mai bolt 9, ka danna fara kwaikwayo, sai alamar fashewa ta fito a kanta, da bayanin cewa wutar da ta bi ta cikinta ta zarce miliamfiya 20 da take iya ɗauka. Daga nan sai lissafi ya zama dole. Jar LED tana cin wajen bolt 2, saura 7 ke nan. Ka raba 7 da om 470, ka samu wajen miliamfiya 15. Ka sa resiston, ka ɗauko mita daga jerin kayan, ka yanke hanya ka sa ta a tsakiya, ka ga lambar da ta fito ta yi kusa da taka. Ko wannan yanke hanyar darasi ne, don da yawa ba su san cewa awon kwarara a jere ake sa mita ba, awon ƙarfi kuma a gefe. Gara mutum ya koyi bambancin a nan, inda fiyus ɗin mita ba ya tsinkewa.

Sannan ga Arduino Uno, da micro:bit, da ƙaramar ATtiny. Kana iya rubuta kod da hannu, ko ka jera shi da tubalan launi, manhajar ta nuna maka rubutun da tubalan suka haifar a gefe. Ga wanda bai taɓa rubuta furogiram ba, wannan gada ce mai kyau. Gwajin da nake ba mai koyo shi ne na sensar zafi TMP36. Ka haɗa ƙafarta ta tsakiya da ƙafar Arduino mai suna A0, ka buɗe tagar da Arduino ke rubuto saƙo. A digiri 25 sensar tana fitar da milibolt 750, Arduino kuma yana raba bolt 5 zuwa matakai daga 0 zuwa 1023, don haka za ka ga lamba wajen 153. Ka danna sensar, madaidaici ya fito, ka ja shi zafi ya hau, lambar ta bi shi. Aikinka shi ne ka rubuta layin da zai mayar da 153 zuwa 25. Wanda ya yi wannan da kansa ya fahimci yadda kwamfuta ke karanta duniya fiye da wanda ya kwafi manyan ayyuka goma. Akwai kuma sabo moto mai juyawa zuwa kusurwar da ka zaɓa, allon rubutu na LCD, sensar nisa, sensar motsi, da L293D na tuƙa moto.

Shi ma yana da nasa raunin. Sai ka yi rajista, sai kuma da intanet a kowane lokaci. Malami dai yana iya buɗe aji ya ba ɗalibai lambar shiga ba tare da kowa ya buɗe asusun kansa ba, wanda hakan ya kyautu. Don kwamfuta aka gina shi, a ƙaramar fuskar waya jan wayoyi zuwa ramuka aiki ne ja. Osiloskof ɗinsa ɗan taƙaitacce ne, bai kama ƙafar na Falstad ba, kuma ba ya nuna maka wuta tana tafiya, sakamako kawai kake gani. Kayansa ƙidayayyu ne, babu ESP32, ɗakunan kod ɗin da ya yarda da su, wato shiryayyun kod da wasu suka riga suka rubuta, su ma kaɗan ne. Taransistonsa kuma ba shi da lamba, NPN ne kawai da sunan kowace ƙafa. A zahiri BC547 da 2N3904 kamanninsu ɗaya, baƙin jiki mai gefe ɗaya a shafe, amma jerin ƙafafunsu kishiyar juna ne: idan gefen da ke a shafe yana kallonka, na farko kolekta ce a hagu, na biyu kuwa emita. Ba manhajar da za ta duba maka wannan, sai takardar bayanin abin da ke hannunka. Haka allunan gwaji na gaske, waɗansu dogayen layin wutarsu na gefe a yanke yake a tsakiya, rabin allon ya zauna ba wuta kana ta neman laifi a kod.

Wokwi kuwa gidan masu kod ne. Uri Shaked ne ya fara shi, kuma abin da yake kwaikwaya shi ne ƙwaƙwalwar kanta: Arduino Uno da Mega da Nano, ESP32, Raspberry Pi Pico. Kod ɗin da ka rubuta ana harhaɗa shi yadda za a yi wa allon gaske, sannan a gudanar. Kana iya ɗauko ɗakunan kod na Arduino da sunansu, kana iya rubutu da MicroPython. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne WiFi. ESP32 ɗin da ke cikin burauzarka yana haɗuwa da wata hanyar sadarwa mai suna Wokwi-GUEST, ba kalmar sirri, ya fita intanet ta gaske. Wato za ka iya karanta zafi da danshi daga sensar DHT22 ta kwaikwayo, ka rubuta a ƙaramin allon OLED, ka tura ta MQTT, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori, saƙon ya iso wayarka da gaske, alhali ba ka mallaki ko da waya ɗaya ta haɗi ba. Ga ɗalibin da ke shirya aikin kammala karatu kuma kayansa ba su iso ba, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Akwai wani abu ƙarami da ya nuna mini cewa masu shafin sun san tebur. Maɓallin dannawa na gaske ba ya haɗuwa sau ɗaya. Ƙarfen cikinsa yana ɗan tsalle-tsalle na 'yan milisakan kafin ya zauna, sai Arduino ya ƙirga danni ɗaya a matsayin uku ko biyar. Maɓallin Wokwi yana yin wannan tsallen tun daga farko, sai idan kai ka kashe shi. Ka rubuta kod mai ƙirga danni, ka danna sau ɗaya, ka ga lamba ta yi tsalle. Matsala ce ta gaske aka kawo maka har gida, ka magance ta tun kafin ka haɗu da ita. Yana kuma da na'urar bin sigina mai layi takwas, wadda ke adana abin da ya wuce a fayil don ka buɗe ka ga yadda na'urori ke magana da juna ta hanyar I2C ko SPI bugu-bugu.

Amma Wokwi ba wurin koyon wuta ba ne, kuma su da kansu sun faɗi a bayanansu cewa kwaikwayonsu na analog, wato na ainihin ƙarfin wuta da kwararta, ɗan kaɗan ne. Ka haɗa LED da ƙafar Arduino ba resisto, za ta kama ta yi haske, ba gargaɗi. Ƙafar Uno ta gaske miliamfiya 20 aka so ta ɗauka, 40 ne iyakar da ba a ƙetarewa. Ka jera sabo moto huɗu kan bolt 5 na allon, duk za su juya lafiya. A tebur, da sun motsa tare ƙarfin wuta zai faɗi, allon ya mutu ya sake tashi. ESP32 da bolt 3.3 yake aiki, ƙafafunsa ba a yi su don bolt 5 ba, shafin kuwa ba zai hana ka ba. Shi ya sa ba na son mai koyo ya fara da Wokwi. Wanda ya fara da shi yakan fito da kod mai kyau da hannu mai ɓarna. Harhaɗa kod ɗin kuma a kan manyan kwamfutocinsu ake yi, don haka mai amfani kyauta yakan jira layi idan jama'a sun yi yawa. Masu biya ne ake gaggauta wa.

Sauran zan bi su da sauri. EveryCircuit yana da motsin wuta irin na Falstad, ya fi shi kyan gani, kuma shi aka gina don yatsa, don haka a waya ya fi daɗin aiki. Sai dai na kyautar yana taƙaita girman da'irar da za ka haɗa. CircuitLab zanensa tsaf yake, jadawalinsa na sakamako ya dace da rahoton makaranta, amma cikakken amfani da shi na biya ne. EasyEDA ƙarfinsa yana wajen zana allon PCB, wato allon da'ira na dindindin da za a buga maka, kwaikwayo ƙari ne a kai.

Idan tambayarka ta tashi daga "yaya yake aiki" ta koma "nawa ne daidai", to lokacin manhajar lissafin da'ira mai suna SPICE ya yi. Wannan shi ne kakan fannin: a Jami'ar California da ke Berkeley aka fitar da shi a 1973, aikin Laurence Nagel ƙarƙashin Donald Pederson, kuma yawancin manhajojin injiniyoyi na yau daga gare shi suka samo tushe. Wanda na fi ba da shawara shi ne LTspice, na kamfanin Analog Devices, kyauta ne, sai dai sauke shi ake yi a kwamfuta, ba a burauza yake ba. Ribar hakan ita ce ba ya buƙatar intanet bayan an sauke. A can za ka sa samfurin ainihin taransisto ko op-amp mai lamba, ka ce a bi maka sigina daga hertz 10 zuwa miliyan ɗaya. Matatar sigina mai resisto om 1,000 da kafasita nanofarad 100 za ka ga ta fara yankewa a wajen hertz 1,600, daidai da lissafi. Ba ɗigo mai yawo, ba launi mai motsi, lambobi ne da layuka. Abu biyu ke kayar da sabon shiga: dole ka sa giraun ko da'irar ta ƙi gudana, sannan harafin M a wurin SPICE ɗaya bisa dubu yake nufi, ba miliyan ba. Wanda ya rubuta 1M yana nufin om miliyan ɗaya ya sa kusan waya tsirara ke nan. 1MEG ake rubutawa.

Yadda nake so mai koyo ya yi amfani da su shi ne ya bi da'ira ɗaya ta cikinsu har ta fito tebur. A ɗauki fitilar 555 ɗin nan: resisto na farko om 1,000, na biyu om 68,000, kafasita maikurofarad 10. Ƙa'idar ita ce a ninka na biyu sau biyu, a tara da na farko, a ninka da kafasita, a raba 1.44 da abin da ya fito. Abin da ya fito ƙyaftawar daƙiƙa ɗaya ce, ka ninka sau 60 zai ba ka wajen 63 a minti ɗaya. Ka haɗa ta a Falstad ka kalli kafasitar tana hawa da sauka. Ka sake haɗa ta a Tinkercad a kan allon gwaji, ka san ramin kowace ƙafa da gefen da ɗigon IC ke kallo. Sannan ka haɗa ta gaske, ka ƙara ƙaramar kafasita mai nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta takwas da ta ɗaya, wadda babu manhajar da za ta nemi ka sa amma IC ɗin gaske tana son ta, ka riƙe agogo ka ƙirga. Da wuya ka samu 63 cif. Resisto mai zoben zinare yana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, irin wannan kafasita mai ƙafar fozitib da nagatib kuma sau da yawa har kashi 20. To ka koma Falstad ka mayar da kafasitar 8, ka ga an samu wajen 79 a minti. Ka mayar da ita 12, ka ga wajen 53. Idan ƙirgenka ya faɗa tsakanin nan, haɗinka daidai ne, kayan ne haka suke. Idan ya fita waje da nisa, ka ɗauko mita ka fara da auna resisto na biyu, don shuɗi, toka-toka, ruwan lemo shi ne 68,000, mai jan zobe a na uku kuwa 6,800 ne, kuma a ƙarƙashin fitila mai rauni launukan biyu suna kama da juna.